Duba-ƙasa da Tafiyar Yayansa

A asibitin da yake aiki ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Duba-ƙasa kowa ke ce masa, daga masu shara har babban likita, kuma shi ya jawo wa kansa. In ka gaishe shi zai amsa maka da fara'a, har ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, amma duk wannan gaisuwa da ƙafafunka yake yin ta. Matarsa ta sha faɗa masa cewa da za a sauya mata fuska a bar mata ƙafafunta, sai ya shekara bai lura ba.

Aikinsa haɗa ƙafar roba. Ɗakinsa na can ƙarshen ginin, bayan wurin wanki, inda warin gam ke tarar mutum tun bai iso ƙofa ba. A ciki akwai teburin aiki da ya sha yanka, da injin goge roba, da kantoci cike da ƙafafu marasa masu su, wasu da safa, wasu har da takalmi. A waje kuma akwai doguwar baranda mai ƙarafan dafawa biyu, da benci a ƙarshenta. Shi a wurinsa wannan barandar ita ce wurin aikin, ɗakin ajiya ne kawai.

Yakan ce ƙera ƙafa ba wuya, saitinta ne wuya. A ƙasan kwanon da dungulmin mutum ke shiga akwai sukurori huɗu. Ka juya ɗaya kaɗan, tafin ya kalli waje. Ka juya wani, mai ƙafar ya ji kamar tudu yake hawa alhali ƙasa a shimfiɗe take. Ba injin da zai gaya maka wanda za ka taɓa. Sai dai mutum ya tashi ya taka zuwa ƙarshen baranda ya dawo, kai kana kallo, ya zauna a benci, ka durƙusa da ɗan makullinka ka gyara abin da ka gani. Tsakanin ganin da durƙuson kuwa 'yan numfashi ne, kuma a cikinsu ne tafiyar take nan a idonsa, kamar sawun jiƙaƙƙiyar ƙafa a kan siminti da rana: yana gani tana bushewa. In ya yi sauri ya kama ta, in ya yi nawa sai a sake.

Shi ya sa ya ɗaura igiya a bakin barandar. Dokarsa ɗaya ce, kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: ku yi surutu, ku kunna rediyo, ku yi faɗa ma in kuna so, amma kada wani ya gitta. Magana ba ta goge masa abin da ya gani, launi ba ya gogewa, tafiyar wani ce ke gogewa. Ya koyi wannan ne tun yana sabon hannu, ranar da wata mai shara ta wuce da bokiti cike da ruwa daidai lokacin da wani tsoho ya gama takawa. Nauyin bokitin ya karkatar da ita gefe guda, shi kuwa ya durƙusa ya gyara wa tsohon karkatar da ba tasa ba. Tsoho ya miƙe, ya taka, ya nufi bango.

"Ɗana," in ji tsohon, "da sandata ma na fi haka sanin inda na dosa."

Igiyar ta daɗe ba wanda ya tambayi dalilinta, an ɗauka dai halin tsofaffin ma'aikata ne, kowa da irin tasa rigimar. Sai da aka kawo wata sabuwar likitar motsa jiki, mace mai yawan tambaya, irin mutanen da ba sa iya wuce rufaffiyar ƙofa ba su leƙa ba. Da ya yi mata bayani ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kofinta ta ce, "Malam, tsaya mu gwada. Motsi nawa kake iya riƙewa a ido?"

Bai taɓa ƙirgawa ba. Ta tsaya a tsakiyar baranda lokacin hutun rana, ta ɗaga hannu, ta sunkuya, ta juya, ta yi ɗan tsalle, ta harba ƙafa, ta dafa ƙugu, sannan ta ce ya maimaita. Ya kawo uku daidai, na huɗun ya kawo rabinsa, sauran kuwa kamar ba a yi su ba. Suka sake da wasu, uku. Suka sake, huɗu, ya fara murna, suka sake, uku. Abin ya ɗan ɓata masa rai, don shi a zuciyarsa ya ɗauka idonsa rumbu ne. Ta tambaye shi launin biron da ke hannunta duk tsawon lokacin, ya ce ai ba biro a hannunta. Ta nuna masa, ja ne.

Kashegari ta jawo mai kula da sito, wani ƙato da ba ya son motsi ko na kuɗinsa ne, ta tsayar da shi kusa da ita, kowa ya yi nasa motsin. Duba-ƙasa ya tuna an yi tsalle, an sunkuya, an juya, amma da aka tambaye shi wa ya yi wanne, sai ya ɗora tsallen a kan mai sito.

"Ni? Tsalle?" in ji mai sito. "Malam, ka ji tsoron Allah. Da na yi tsalle ai da ka ji a ƙasa."

Likitar ta yi dariya har da riƙe ciki, amma a nan ta gane labarin mai shara da bokiti: ido kan riƙe motsin ya saki mai shi. Ta kuma lura da wani abu da shi bai sani ba. In yana kallon mai tafiya, yatsun ƙafarsa na motsi a cikin takalmi, kafaɗarsa na ɗan rawa. Sai ta ce ya riƙa lilo da hannayensa yana taka ƙasa yayin da take nuna motsin. Wannan karon da ƙyar ya kawo biyu.

"Ka gani, Malam? Ba idonka kaɗai ke riƙewa ba, jikinka na taya shi."

"To in sun tafi ina suke zuwa?" ya tambaye ta. "Mutanen da suka taka a barandar nan ba su ƙirguwa. Kowanne na riƙe tafiyarsa na ɗan lokaci, na sake ta. Ina take?"

Ta ce ita ma ba ta sani ba. Hakan ya sa ya ƙara ganin girmanta.

Wannan tambaya ta hira ce kawai, ta cika lokacin hutu, har sai da ciwon sukari ya ci ƙafar Yayansa ta hagu, aka yanke ta ƙasa da gwiwa.

Yayan nan shi ne uwarsa shi ne ubansa. Mahaifiyarsu ta rasu Duba-ƙasa bai gama wayo ba, mahaifinsu kuma direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya. Yaya ne ke masa wanka, shi ke kai shi makaranta, shi ke zane shi in ya yi laifi sannan ya zo yana lallashi. Da ya girma ya zama mai duba tikiti a jirgin ƙasa, ya ƙare ƙuruciyarsa yana ratsa tarago bayan tarago, jirgi na jijjiga, shi ko dafa kujera ba ya yi. Mutum ne da zama ke ba shi ciwon kai. Ko bayan ya ajiye aiki, kafin rana ta yi zafi ya zaga unguwa ya dawo da labarin kowa.

Duba-ƙasa ya zuba duk abin da ya iya a ƙafar nan. Ya sake kwanon har sai da ya zauna wa dungulmin ba matsi ba sako-sako, ya saita tafin ya miƙe sak yadda aka koya masa. Ranar gwaji Yaya ya kama ƙarafan, ya taka zuwa ƙarshe, ya dawo. Tafiya mai kyau, ba karkata, ba ɗingishi, da wani ne da an tafa masa. Ya zauna a benci, ya kwance ƙafar da kansa, ya miƙa wa ƙanensa.

"Ta matse ka ne, Yaya?"

"A'a."

"Ta yi tsawo?"

"Lafiyarta lau. Ba tawa ba ce dai."

Aka kai ta gida, ta shige ƙarƙashin gado, Yaya ya shige kujera. Mako ya bi mako. Likitar ta je ta duba shi, ta dawo ta gaya wa Duba-ƙasa gaskiya ba ɓoye-ɓoye: naman cinyar na zubewa, gwiwar ta fara ƙagewa a lanƙwashe saboda yawan zama. In aka ƙara 'yan watanni a haka, ko ƙafar zinariya aka kawo ba za ta yi amfani ba, kujerar nan ita ce wurinsa har ƙarshe.

Duba-ƙasa ya je da kansa ranar hutu. Ya tarar da Yaya a bakin taga, an rufa masa zane a cinya, yana kallon masu wucewa. Fuskar ta faɗa, wuyan riga ya yi masa yawa. Tsoro ya kama Duba-ƙasa, tsoro na gaske, irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro.

"Yaya, don Allah me ƙafar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi min komai ba. In na taka, ji nake kamar wani baƙo ne ya ɗauke ni yana tafiya da ni. Ni ban san mutumin ba. Da in riƙa yawo a unguwa da tafiyar wani, gara in zauna."

"To taka yaya take? Gaya min in saita."

Yaya ya juyo ya dube shi sama da ƙasa. "Ni kake tambaya? Ina na taɓa ganin bayana? Kai fa aka ce ba ƙafar da ke wuce ka. Tun kana majina kake kallona."

Duba-ƙasa ya rufe ido, yana da tabbacin za ta zo. Fuskar Yaya ta zo, da hular aikinsa, da ɗan ƙarfen da yake huda tikiti, har da yadda yake gyaran murya kafin ya yi faɗa. Tafiyar ce ba ta zo ba. Ya san da zai hango ta daga nesa cikin taron kasuwa zai gane ta nan take, amma ya kira ta ta ƙi amsawa. Ya tambayi matar Yaya, ta ce, "Tafiya dai irin ta mutane, sai dai shi da sauri." Aka fito da hotuna, duk a tsaye yake ƙiƙam ko a zaune. Kunya ta rufe shi. Mutumin da ya ci abinci da kallon tafiyar baƙi, ga shi ya rasa ta ɗan'uwansa.

Da ya koma gida ya zauna gaban kwano yana juya cokali. Matarsa ta bar shi ya gama juye-juyensa, sannan ta tambaya, ya faɗa mata. Maimakon ta taya shi jimami sai ta tuntsire da dariya, har ya fara jin haushi.

"Baban yara, kai dai ka cika duba ƙafar mutane ka manta kana da taka. Ka tuna muna sabon aure, ranar da na buɗe ƙofa ina faɗa, na ce sai yanzu aka ga damar dawowa? Wa na tarar?"

"Yaya."

"Me ya sa? Ta taga na hango mutum ya shawo kwana, ya ba ni baya yana rufe ƙofar waje, ya tako. Wallahi kai na gani. Har yau in kuka jero daga nesa sai na ga fuska nake rabe ku. Ƙafar hagu waje, dunduniya kamar da ƙasa kuke faɗa, kafaɗar dama a sauke."

"Ni tafiyata a miƙe take," ya ce, da ɗan ɗaga murya. "Da ina karkata ai da na sani."

"To, mai ido," in ji ta, ta ja kwanon gabansa. "Ci abincinka."

Da safe ya roƙi likitar ta ɗauke shi a waya yana tafiya, bai gaya mata dalili ba. Ta jira sai da ya fito daga sito da kwali a hannu, bai san tana nan ba, ta ɗauke shi ta baya. Da ta miƙa masa wayar, ya ga wani mutum mai furfura a ƙeya yana nisa cikin baranda, tafin hagu na kallon waje, dunduniya na sauka da ƙarfi, kafaɗar dama a ƙasa. Sai da ya nemi benci ya zauna.

"Yaya ne," ya ce a hankali.

"Kai ne, Malam."

Ya sake kallo, ya sake. Abin da ido ke yarwa cikin 'yan numfashi, ashe in aka yi ta zuba shi kullum, shekara da shekaru, yakan sami wurin zama. Ya tuna hanyar makaranta, Yaya a gaba, shi a baya yana ƙoƙarin sa ƙafarsa inda ta Yaya ta tashi. Ba wanda ya ce ya koya, shi ma bai san yana koya ba. Mamaki ya cika shi har ya kusa danne baƙin cikin.

Shawo kan Yaya ya dawo asibiti ya fi saitin wuya. Sai da ya yi masa alkawari: sau ɗaya tak, in ba ta yi ba shi da hannunsa zai mayar da ita ƙarƙashin gado, ba zai ƙara tayar da maganar ba. Aka kawo shi a keken marasa lafiya, yana ta ƙunƙuni. Duba-ƙasa ya ɗaura igiyarsa, ya sa mai sito gadi a bakinta. Ya kalli wayar sau ɗaya, ya durƙusa da sauri kafin abin ya bushe, ya sassauta sukurori, ya juya tafin waje fiye da yadda ya taɓa yi wa kowa. Likitar ta tsuguna ta dafa gwiwar Yaya, ta lanƙwasa ta, ta miƙar, ta duba inda nauyi zai sauka.

"Rage kaɗan, Malam, kada gwiwar ta biya bashin." Ya rage. Ta gyaɗa kai.

Yaya ya miƙe ya kama ƙarafan. Ya taka, amma a sandare, idonsa ƙur a kan tafin, jikinsa duk a ɗaure. Watannin zama sun sa ya daina yarda da ƙasa.

"Yaya, bar kallon ƙasa, wannan aikina ne. Kalli bayana kawai."

Duba-ƙasa ya shiga gabansa ya fara tafiya. Sai ga wani abin dariya: tunda ya san ana kallonsa, tafiyar ta gudu. Ya miƙe ƙirji, yana ɗaga ƙafa kamar sabon soja, yana tunanin wace kafaɗa ce ma ake saukewa.

"Wannan kuma tafiyar wa ce?" in ji Yaya. "Ka tara mu nan ne ka nuna mana fareti?"

Gumi ya karyo masa. Ya sake gwadawa, ta ƙara lalacewa. Yaya ya fara waiwayen kekensa. Likitar ce ta dubi ƙarshen baranda ta ce, kamar ba komai, "Af, Malam, gam ɗin da ka bari a buɗe a bakin taga, iska za ta kifar da shi."

Ya zabura ya nufi can yana mita, don ba abin da ya tsana kamar ɓarnar gam. Sai da ya isa ya ga gwangwanin a rufe yake. Ya juyo zai yi magana, ya tarar ba mai kallon fuskarsa. Yaya ya ƙura wa wurin da ya bi ido, bakinsa a ɗan buɗe, yatsun ƙafarsa mai rai na motsi cikin takalmi.

"Sake," in ji Yaya.

Wannan karon Duba-ƙasa bai yi tunanin komai ba, ya tafi kawai, ya dawo. Yaya ya taka nan take, kafin abin ya dushe masa. Tafin ya fita waje, dunduniya ta sauka, amma ya tsaya a tsakiya, sauran ya zube.

"Na manta. Sake."

Suka yi ta yi. Ƙane ya tafi, Yaya ya kalla, ya ɗebi abin da idonsa zai iya ɗauka, ya taka da shi har inda ya ƙare, ya ce a ƙaro. Wata ma'aikaciya ta zo za ta gitta da tire, mai sito ya tare ta da faɗin jikinsa, ranar dai ya yi amfani. A wani zuwa da ba wanda ya ƙirga, Yaya ya wuce tsakiya bai tsaya ba. Dunduniyar roba ta buga siminti, kafaɗar dama ta sauka da kanta. Duba-ƙasa ya ji yatsun ƙafarsa na motsi, ya ga tafiyar da ya nema ya rasa tana tahowa gare shi, hawaye suka cika masa ido har ya daina ganin ƙafar sosai.

Yaya ya iso yana haki, ya tsaya gabansa.

"Kafaɗar nan da kake saukewa, ka san inda ka samo ta?"

"Wurinka mana, Yaya."

"A'a. Ni a wurinka na samo ta. Kai ɗan guntu ne, ni dogo. Mama kuma kafin ta rasu ta ce kada in kuskura in saki hannunka a titi. Shekara nawa ina tafe a karkace saboda kai. Da ka girma na sake ka, kafaɗar ta ƙi komawa."

Ƙarafan dafawa sun ƙare a nan, daga nan sai filin baranda har igiya. Yaya ya dubi filin, ya saki ƙarfen dama, ya miƙa hannu gefe, ƙasa-ƙasa, daidai tsayin yaro.

"To, me kake jira? Kama mana."

Ya kama. Mai sito ya kwance igiyar, suka wuce.